Taku Arba'in Zuwa Gidan Malam Tanimu

Abin da ya tayar mini da duk wannan tunani zakara ne. Zakara ɗaya tal, ja, mai neman faɗa, wanda na yi wata huɗu ina zuba wa tsaki saboda Kirsimetin nan da muka yi. Ranar jajibere da hantsi na kama shi na ɗaure masa ƙafafu, na tsaya a tsakar gida riƙe da shi, sai a lokacin ya faɗo mini cewa duk layinmu babu mutum ɗaya da zan kai wa ya yanka mini. Ba wai ba zan iya ba ne, hannuna bai mutu ba, wuƙa kuma tana nan a rataye. Amma a gidan nan tun ina rarrafe ba a taɓa cin naman Kirsimeti da yankan ɗan gida ba. Wannan ne abin da 'yata Rahila ta kasa ganewa, duk da tarin bokonta.

Rahila tana can ƙetaren kogi da mijinta da 'ya'yanta, inda kusan duk mutanenmu suka koma. Kowace Lahadi da yamma sai ta bugo waya, kuma waƙar ɗaya ce: in sayar da gidan nan na Unguwar Kanawa in koma wajenta, ta gyara mini ɗaki har da fanka, me nake yi ni kaɗai a tsakiyar mutanen da ba addininmu ɗaya ba, in wani abu ya tashi wa zai ɗauke ni. Ba ta yi ƙarya ba, ni ma na san haka. Sai dai ita ba ta san yadda nake ji a can ba. Mu Hausawa ne, Kiristoci, iyayena daga wani ƙauye na ƙasar Kano suka zo garin nan, mahaifina ya yi aikin masinja a ofishin gwamnati har ya koma ga Allah. A ƙetaren kogi da na buɗe baki sai a juyo a dube ni, a ce ga Bahaushiya. A nan kuwa in na fito da kayan coci ranar Lahadi sai a ce ga Kiristar nan. Ko'ina na tsaya da sauran magana. To in dai baƙunta ce, gara in yi ta a gidan da aka binne cibiyata.

Unguwar da na tashi a cikinta ba wannan ba ce, ko da yake sunan bai canja ba. A lokacin katangu gajeru ne, mace tana wanke-wanke tana hira da maƙwabciyarta ta saman katanga. Famfo ɗaya ne a bakin layi, a nan ake jera bokitai, a nan ake faɗa a shirya, a nan kuma ake jin wadda ta haihu da wadda ta yi yaji. Da asuba ladan ne agogon Inna, mahaifiyata. Da ya ɗaga murya sai ta tashe mu addu'ar safe, tana cewa abin kunya ne kullum maƙwabta su riga mu gaida Allah. Ranar Lahadi kuma ƙarfen cocinmu ne yake tashin kowa, wani tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye a jikin dalbejiya, har matan layin suna cewa in ya buga na biyu, wadda ba ta sauke koko ba ta makara. Ranar Alhamis da la'asar matan zumunta na coci sukan taru a gidanmu da tulunsu na kiɗa da caki, matan maƙwabta suna leƙe ta katanga suna gyaɗa kai, wasu ma sun fi mu iya amshi. Yanzu kowa ya haƙa rijiyar burtsatse a gidansa, ya ɗaga katanga ya kafa mata fasassun kwalabe, ya sa ƙofar ƙarfe. Sai in wuni ban ji muryar mutum ba sai ta rediyo, da ƙarar janareton wani.

Gida na uku daga namu, taku arba'in in ka ƙirga, shi ne gidan Malam Tanimu tela. Dogo ne, siriri, ba ya son yawan magana, kullum da guntun zare a jikin rigarsa. Shi ne mai yanka mana. Wanda bai zauna a irin unguwarmu ba zai ce mene ne abin faɗi a yankan akuya. To ga dalili: abincin Kirsimeti ba namu ba ne mu kaɗai, na layi ne gaba ɗaya, kamar yadda naman layya yake shigo mana ta kowace ƙofa. Maƙwabtanmu kuwa hankalinsu ba ya kwanciya da naman da ba Musulmi ne ya yanka ba. Saboda haka kowace jajibere Malam Tanimu yakan rufe kekensa na ɗinki, ya wasa wuƙarsa a wani dutse da yake ƙofar gidansa, ya shigo mana da sallama. Ba a aika masa, shi ya san ranar, kuma tun daga tsakar gidanmu muke jin ƙarfen yana gugar dutse. Ya haƙa ɗan rami, ya juya akuyar gabas, ya yi bisimilla. Washegari in na shiga gidaje da langa, abin da matan za su fara tambaya shi ne yankan wa ne, in na ce na Malam Tanimu ne, sai a buɗe a sa hannu tun ban juya ba. Shi ne ma ya yanka ragon sunana, Inna ta sha faɗa mini.

Inna ba ta yi makaranta ba sai ajin yaƙi da jahilci na coci, amma akwai abu ɗaya da ta riƙe da hannu biyu, shi ne Ruhu Mai Tsarki. Mai Taimako take ce masa, kuma tana maganarsa kamar wani ɗan gida da yake zaune a ɗaki na gaba. In za ta asibiti, in za ta shiga tsakanin masu faɗa, in za ta wankan gawa, sai ta dafa ƙirjinta ta ce a hankali, zo mu je. Mu yara mukan yi ta dariya a ɓoye, yayana Bulus har kwaikwayonta yake yi in za shi bayan gida. Ni kuwa matsoraciya ce ta ƙarshe, ƙadangare ma in ya gyaɗa mini kai sai in canja hanya. Na taɓa tambayarta ko ita ba ta jin tsoro ne. Ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce wa ya gaya mini, ai cikinta ya fi na kowa kaɗawa. Ta ce ita ba ta taɓa roƙon a cire mata tsoro ba, rakiya take roƙo, kuma ba a taɓa hana ta ba. Na ji da kunne kawai, ban gane ba sai da na kai shekara ashirin da ɗoriya.

A shekarar ne garin ya kama da wuta, saura 'yan makonni Kirsimeti. Ba zan ba da labarin rikicin ba, waɗanda suka gani ba sa son ji, waɗanda ba su gani ba kuma ba za su yarda ba. Kwana uku muna kulle a ɗaki muna jin gudu da ihu, hayaƙi yana shigowa ta taga. Da aka sassauta dokar hana fita muka leƙa, cocinmu ya zama bango huɗu babu rufi, dalbejiyar ta ƙone rabi, ƙarfen yana ƙasa cikin toka. Kafin sati biyu yawancin Kiristocin layinmu sun kwashe kaya sun haye gada. Mahaifinmu ya riga ya rasu a lokacin, saura ni da Inna da Yaya Bulus. Babu wanda ya taɓa gidanmu, ko dutse ba a jefa ba. Amma gaisuwa ta mutu. In na je famfo sai hira ta tsaya, ni ma in sunkuyar da kai in cika bokitina in gudu. A bakin famfon ne na tsinci labarin cewa ƙanin Malam Tanimu, wanda yake sayar da yadi a ƙetaren kogi, bai dawo da ƙafarsa ba, gawarsa aka kawo. Kuma kowa ya san mutanenmu ne suka fi yawa a can.

Na faɗa wa Inna, ta share hawaye, ta ɗauko mayafinta. Yaya Bulus ya tare ƙofa ya ce ba inda za ta, gidan cike yake da dangin mamacin da samari masu jan ido, in ta shiga yanzu tamkar ta je yi musu dariya ne, a bari ƙura ta lafa. Inna ta dube shi ta dube ni, ta ajiye mayafin. Wannan ne karo ɗaya a rayuwata da na ga ta ɗauki mayafi ta ajiye ba ta ce zo mu je ba. Aka yi sadakar uku ba mu je ba, aka yi ta bakwai ba mu je ba. Kullum sai mu ce gobe, kuma kullum abin yana ƙara nauyi, har ya zama in mun hango Malam sai mu koma ciki. Su ma ba wanda ya zo mana jajen coci. Haka muka zauna, taku arba'in tsakaninmu, kowa yana jiran kowa.

Akuyar Kirsimeti kuwa tana nan a turke, wani baƙin taure da Inna ta saya tun da damina. Shi bai san an yi rikici ba, cin dusarsa kawai yake yi yana ƙiba. Ranar jajibere muka tashi, Inna tana tsintar shinkafa, amma na lura kunnenta yana waje. Hantsi ya yi, ba mu ji ana wasa wuƙa ba. Rana ta take tsaka, shiru. Sai Yaya Bulus ya shiga ɗaki ya fito da wuƙar gida, ya ce shi zai yanka, bana wa zai ci abincinmu, mu ci abinmu mu yi shiru. Inna ba ta ɗaga murya ba.

"Ajiye wuƙar nan, Bulus," ta ce. "In ka yanka, gobe babu gidan da zan aika wa kwano. Ka ga ke nan mu muka rufe ƙofar da hannunmu, ba su ba. Sai mu ɗaure kaya mu bi sauran."

A kwanakin ƙafarta ta kumbura, da ƙyar take takawa. Bulus kuma in ya fita da fuskar nan tasa faɗa zai jawo. Sai ta juyo gare ni ta ce in kwance tauren in ja shi zuwa gidan Malam, in ya gan shi ya san abin da ya kawo ni, ba sai na yi dogon bayani ba. Na ce Inna, ni? Ta ce ni. Na ce ba zan iya ba, akwai samari a gindin mangwaro, ƙafata ma rawa take yi. Ta ce ta gani, ita ba ta ce in daina rawa ba, cewa ta yi in tafi. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjina, ta ce in faɗa da bakina. Na faɗa, muryar ko ni da ƙyar na ji ta.

Na yi tafiye-tafiye a duniya, har Legas na je a mota, amma ban taɓa tafiya mai nisan wannan ba. Da na fito, samarin nan suka zuba mini ido. Yawancinsu tare muka yi wasan ƙasa, amma ranar ban iya bambance fuskar kowa ba. Tauren ya turje, ya yi ta kuka kamar ana feɗe shi da rai, ina ja yana ja, duk layin aka leƙo. Wani ya yi tsaki, wani ya faɗi wata kalma da ba zan maimaita ba. Ba zan yi wa Allah ƙarya in ce tsoro ya tafi ba. Abin da zan iya shaida shi ne, wajen taku na goma sai na ji ba ni kaɗai ba ce. Ban ga komai ba, ban ji murya ba. Kamar dai kina ɗauke da tulu mai nauyi wani ya tallafa miki ta baya ba ki gan shi ba, nauyin yana nan amma wuya ya daina saguwa. Numfashina ya daidaita. Na ɗaga kai har na gaishe da samarin, ɗaya daga cikinsu ya amsa kafin ya tuna bai kamata ba.

Na tarar da Malam Tanimu a zaure, zaune a gaban kekensa, ba ya ɗinki. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari cikin 'yan kwanakin nan. Na durƙusa na gaishe shi, na ce Inna ce ta aiko ni, gobe Kirsimeti. Ya daɗe yana duban tauren, sannan ya dube ni.

"Kin kawo mini akuya," ya ce. "Gaisuwar mutuwar ƙanina fa, wa aka ba ya kawo?"

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Sai a lokacin na ga abin da muka yi: mun kawo hidimar bikinmu gidan da ba mu je makokinsa ba. Duk dabarun da mutum yakan yi suka zo mini baki, in ce ƙafar Inna ce, in ce dokar hana fita ce, in ce ba mu ji da wuri ba. Kowanne zai wuce, shi ma zai yi kamar ya yarda, kuma daga ranar shi ke nan, sai gaisuwar fatar baki. Amma wanda ya rako ni bai bar ni na yi ƙarya ba. Na ji bakina yana faɗin abin da ko a ɗaki ba mu taɓa faɗa wa juna ba.

"Baba, tsoro ne ya hana mu. Tsoronku muka ji. Mun yi laifi, ka yafe mana."

"Tsorona?" ya ce. Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Ni da na yanka ragon sunanki?"

Ya juya fuskarsa bango, na ga kafaɗarsa tana motsi. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka ba sai ranar. Can, ba tare da ya juyo ba, ya ce in ja akuyata in tafi gida.

Na komo, wannan karon tauren ne yake jana. Na faɗa wa Inna komai ban rage ba. Yaya Bulus ya ce ai da ma ya faɗa. Inna ba ta kula shi ba, ta ɗauko mayafin nan da ta ajiye, ta ɗauki sandar mahaifinmu, ta dafa ƙirji. Ta hana ni raka ta, ta ce tana da ɗan rakiya. Ta ja ƙafar nan mai kumburi har gidan Malam, ta shiga wajen matarsa Goggo Asabe, ba ta fito ba sai la'asar. Da ta dawo idonta ya yi ja wur. A can ne aka gaya mata dalilin da ya sa ko dutse ba a jefa gidanmu ba. Kwana ukun nan da muke kulle muna tsoron maƙwabta, Malam Tanimu yana zaune a dakalin ƙofarmu da carbinsa, duk baƙin samarin da suka shigo layin sai ya ce musu nan gidansa ne. A kan dakalin nan aka zo aka same shi da labarin ƙaninsa. Ya je ya binne shi, ya dawo ya zauna. Inna ta faɗi wannan tana duban Bulus, shi kuwa ya shige ɗaki.

Ba ta yi wa Malam maganar yanka ba, ta ce ba abin da ya kai ta ke nan ba. Muka haƙura cewa bana shinkafa da miyar kifi za a ci. Rana ta yi sanyi ina shara, sai na ji ƙarfe yana gugar dutse. Na tsaya da tsintsiya a hannu. A irin kwanakin nan jin ana wasa wuƙa a layi ba abin murna ba ne, kuma da ya yi sallama ya shigo da ita tsirara tana ƙyalli, sai da Yaya Bulus ya ja da baya har ya ture turmi. Ni kuwa, matsoraciyar gidan, wata irin natsuwa ce ta sauko mini wadda ban taɓa sanin irinta ba, har yau kuma in ana maganar salama a coci wannan yammacin nake tunawa. Malam bai ce komai a kan abin da ya wuce ba. Ya yi wa Inna sannu da ƙafa, ya dubi Bulus ya ce ya zo ya riƙe masa. Bulus ya durƙusa ya danne ƙafafun tauren, wuyan Bulus ɗin bai fi kamu ɗaya daga wuƙar ba, Malam ya fuskanci gabas ya yi bisimilla.

Washegari na zaga da langa gida-gida. Ba zan ƙara gishiri ba: wasu gidajen sun karɓa, wasu sun ce sun ƙoshi, a gida ɗaya an bar ni tsaye a ƙofa har na gaji na juya. Amma duk inda aka tambaya yankan wa ne, na faɗa da ƙarfi don a ji. A al'adar layinmu kwano ba ya komawa gidansu wayam, kuma ba a zuwa tambayarsa, wadda aka kai wa ce take maido shi da hannunta ta zauna a gaisa. Langar gidan Malam ta dawo bayan kwana biyu, Goggo Asabe ce ta kawo, da daddawa a ciki da busasshiyar kuɓewa, ta zauna a tabarmar Inna suka yi ta hawaye da dariya har magariba. Shi ya sa muka zauna. Da langar nan ba ta dawo ba, da yanzu ni ma ina ƙetaren kogi.

Sauran kuma abin da shekaru suka saba yi ne. An sake yin rikici, ba sau ɗaya ba, kowanne ya kwashi wasu ya haye da su gada. Na yi aure, mijina bai yi tsawon rai ba, na dawo gidan nan da Rahila a goye, na yi jinyar Inna har ta tafi. Bulus ya koma Jos, a can ya rasu. Filin cocinmu yanzu shagon kayan gini ne, ranar Lahadi sai in hau keke in shiga cikin gari, mu 'yan tsirarun tsofaffi muna rera waƙa muryarmu tana yawo a ɗakin. Malam Tanimu ya yanka mana har hannunsa ya fara rawa, sannan babban ɗansa ya karɓa, har bara. Da Malam da Goggo suka rasu magada suka sayar da gidan, ɗan ya yi gini a Katabu ya koma. Wanda ya saya ya rushe zauren ya ɗaga bene, ya sa baƙar ƙofar ƙarfe. An ce ma'aikacin gwamnati ne, da mota yake fita da mota yake dawowa, gilashi a rufe. Wata takwas muna maƙwabtaka ban san sunansa ba, shi kuma na tabbata bai san akwai tsohuwa a gida na uku ba.

To ga ni tsaye da zakara a hannu. Na yi tunanin in yanka abina in ci ni kaɗai, in kira Rahila in ce ta turo mota bayan sabuwar shekara, don na san in na yi na farko na biyun zai biyo. Kada kuma wani ya ɗauka tsufa yana maganin tsoro. Ba duka nake tsoro ba, abin da nake tsoro shi ne a dube ni a ce wace ce wannan, a layin da aka haife ni. Na ɗauki mayafi da sanda, na dafa ƙirji. Gidan shiru, ba Inna, ba Bulus, ba wanda zai yi mini dariya, sai na faɗa da ƙarfi: zo mu je.

Taku arba'in ɗin sun zama sittin da wani abu. Na ƙwanƙwasa ƙofar ƙarfen har sau uku kafin a buɗe. Maigidan ne da kansa, magidanci mai matsakaicin shekaru, da jallabiya da waya a hannu. Ya gaishe ni da ladabi, ba laifi, sai dai na ga hannunsa ya nufi aljihu, ya ɗauka roƙo na zo. Na ce masa ni maƙwabciyarsa ce, Kirista, gobe sallarmu, na kawo zakara ya yanka mini. Ya dubi zakaran ya dube ni, ya rasa gane kan zancen.

"Mama, ba ki da wanda zai yanka miki ne a gida? Ai ko a kasuwa ma ana yankawa a fige miki."

"Ina da wuƙa, ɗana, kuma zan iya," na ce. "Mai ci ne ba ni da shi. In kai ka yanka, gobe zan iya kawo wa iyalinka."

Na ga yana juya maganar, wataƙila ya tuna wata tsohuwa a garinsu, wataƙila kunya ce kawai ta kama shi, ban sani ba. Ya sa wayar a aljihu ya shiga ciki. Ya daɗe har na fara cewa ko in juya. Sai ga shi da wuƙar kicin dakusasshiya, yana neman inda zai wasa ta, duk gidan an shafe shi da siminti da tayil. Na nuna masa da sandata: dutsen Malam Tanimu yana nan a gefen kwata inda magina suka jefar da shi, har yanzu da kwarmin da wuƙa ta yi masa. Ya tsuguna ya fara. Da na ji ƙarar nan sai na juya baya ina gyara mayafi, kada ya ga tsohuwa tana hawaye a kan zakara.

Washegari na dafa shinkafa, na zuba a langar Inna mai furanni, wadda bakinta ya ɓantare, na ɗora cinyoyin biyu a kai, na kai da kaina. Matarsa ce ta karɓa ta ƙaramar ƙofa, ta yi godiya ta rufe. Ban sani ba ko sun ci. Ban sani ba ko ta san kwano yana komawa, ko kuwa ta ɗauka irin robar nan ce ta yanzu da ake ci a yar. Yau kwana tara ke nan. Kullum sai na share tsakar gida na shimfiɗa tabarma ta biyu, kuma duk motsin da na ji a ƙofa sai na gyara ɗankwali. Wani lokacin tsoro yakan zo ya zauna kusa da ni ya ce ba mai zuwa. Ba na korarsa, na dai san ba ni da shi kaɗai ba ne a tsakar gidan.

Jiya Lahadi Rahila ta bugo kamar kullum, ta ce an samu mai sayen gidan, in faɗi ranar da za a zo a ɗauke ni. Na ce mata ba yanzu ba. Ta ce sai yaushe, me kuma nake jira.

"Langata tana maƙwabta," na ce mata. "Ba su dawo da ita ba tukuna."